Danƙon da Aka Binne a Toka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ga abin da zan faɗa tun kafin ni in gan shi.

Abin ya faru ne 'yan shekaru kaɗan bayan an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu, a kakar da mai shela ya bi garuruwa da ganga yana cewa wasu mutane suna shigowa daga hayin iyaka da bindigogi, kowane gari ya tsare hanyarsa, kuma duk wanda ya sauki baƙo bai kai shi gaban maigari ba, hukuncinsu ɗaya shi da baƙon. Tsofaffin da suka rage tsakanin Agiye da Gazawa har yau da wannan kakar suke auna shekaru: an haifi wane kafin shela, an aurar da wance bayan shela. Ni a lokacin na fara rubuta allona da hannuna, amma ban isa riƙe hauya wuni guda ba.

Abin da ya tayar mini da maganar ƙarami ne. Ranar kasuwa jikana ya dawo da danƙo na saye, gwafarsa ta ƙarfe, robarsa ja. Ya tsinci tsakuwa a bakin gudron, titin kwalta, ya wuni yana harbin gwangwani. Kafin la'asar robar ta tsinke, ya jefar da shi bayan darni, ya ce a saya masa wani. Na sa aka ɗauko mini. Ina jujjuya shi a hannu sai na ji yatsana ya tafi kan leɓena na sama, wurin da gashin baki bai taɓa fitowa ba. Washegari na jiƙa tawada na fiƙe alƙalami.

Yaran yanzu ba za su gane irin shirun da muka tashi cikinsa ba. Yau tun asuba moto, wato babur, ke kuka, amalanke na ƙara, kowa da waya a kunne. A zamaninmu abin da ake ji da safe shi ne luguden mata, da guga yana bugun bakin rijiya, da kukan jaki daga wata unguwa. Mota kuwa sai a yi wata ba a ji ta ba, in ta taso ana jin ta tun tana bayan jigawa, kaji su watse, mata su dakatar da taɓarya. Keke guda ne a garin, na wani mutum Bawa, aminin mahaifina. Mahaifina ya girme shi kaɗan, shi ya sa Bawa yake ce masa Yaya. Bawa yakan kai gyaɗa hayin iyaka ya dawo da gishiri da turmin atamfa da labari. Kafin shela ƙofarsa ce majalisar gari. Bayan shela aka fara gaishe shi daga nesa. Maza suka riƙa kwana a bakin hanya da kwari da baka. An ɗauki wani mutum daga garin da ke gabas da mu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ba mai tambaya. Ko a masallaci, ana sallamewa kowa ya nemi takalminsa.

A cikin wannan hali janbaki suka sauka. Tsuntsaye ne ƙanana, ɗaya ba zai cika tafin yaro ba, amma ba sa zuwa ɗaya. Kafin ka gan su za ka ji su, kamar ruwan sama yana tahowa a kan kara, sai ka ga gefen sama ya yi duhu yana lanƙwasa. Mu kuwa maiwa muka shuka da yawa a shekarar, ita ce ke nuna daga baya, bayan kowa ya kwashe geronsa, saboda haka duk yunwar tsuntsun a kanmu ta taru. Muka ɗaura gwangwanaye a igiya, muka yi ihu har murya ta dishe. Mahaifina yana da majajjawa ta kaba, amma kafaɗarsa ta dama ta daɗe da ciwo, ni kuma in na wurga, bayana take tafiya. Wata safiya ya tsaya ya dubi zangarniyar da aka tsotse ta zama fara fat, ya ce zai je wurin Bawa ya nemi tsohuwar robar cikin tayar keke, mu yi danƙo.

Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam, ba ka ga mutane sun daina zama ƙofarsa ba?"

Ya ce, "Na gani. Mutanen za su ba mu hatsi in rumbu ya wayi gari wayam?"

Ya tafi da hantsi, ido na ganin ido, don kada a ce ya ɓoye tafiyarsa. Bawa ya ɗauko robar ya ce ya tafi da ita kawai. Mahaifina ya ƙi. Suka yi ta ja, har Bawa ya ce, "To Yaya, in Allah ya tsirar da maiwar, dami guda." Suka yi musafaha a kai. Mahaifina ya naɗe robar ya sa cikin riga don kada yara su biyo shi, ya dawo gida. Ashe akwai idon da ya ga shigarsa da fitarsa, da kuma kumburin rigar.

Aikin ya haɗa gidan gaba ɗaya, kuma duk da abin da ya biyo baya, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Mahaifina ya saro rassan geza masu baki biyu, yana gwada kowanne da yatsunsa biyu, wanda ya karkace ya jefar. Ya ɓare bawon, ya gasa su sama-sama a wuta don su yi tauri. Robar kuwa sai da aka yi alwala aka yi bisimilla kafin a taɓa ta, don babu wata in ta lalace. Inna ta take bakinta da babban yatsan ƙafa ta ja, shi kuma ya jiƙa aska da ruwa yana tsagawa a hankali, numfashinsa a riƙe. Ya ce mini, "Dubi gefen. In aska ta ɗan ci gefe ko kamar ƙwayar gero, nan za ta tsinke, kuma fuskarka za ta nema." Kaka, mahaifiyarsa, ita ta yanko 'yar fatar da ake sa harsashi daga tsohon wasakin rijiya, ta huda da basilla, tana mita. Ta ce a zamaninsu namiji da igiya da damtse yake korar tsuntsu, ba da hanjin keke ba. Ta dube ni ta ce, "Kai mijin nawa, in ka harbo ko fara ce, a kawo mini, na gaji da auren da babu nama." Na ce ai haƙoranta ba za su iya ba. Ta jefe ni da guntun fata.

Sauran aikin namu ne, ni da yayata Habsu. Ƙasarmu yashi ce, za ka yi tafiyar wuni ba ka ga dutsen da za ka jefi kare ba, saboda haka harsashin ma yin sa ake yi. Muka fasa gefen wani suri da ke bayan gari, muka kwaso jar ƙasarsa, Habsu ta daka, muka kwaɓa, muka zauna muna mulmulawa a tafin hannu, kowanne kamar ɗan kurna babba. Ta ce nawa kamar kashin akuya mai zawo suke. Muka shanya su a inuwa don kada su tsage, da suka bushe Inna ta tura su cikin garwashin kashin shanu a bayan murhu. Da aka tono su sun zama baƙi ƙirin, sumul, in ka haɗa biyu suna ƙara kamar ƙarfe. Mahaifina ya ɗaure robar a gwafa da siraran zaren roba, ya ja har kunne, ya saki. Muka ji ƙas a jikin kukar da ke bayan gida. Inna ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane.

Kwanakin da suka biyo muna gona tun kafin rana ta fito. Tsuntsu da safe yake zuwa da kuma yamma, in rana ta take sai mu dawo gida mu sha fura mu cika buta da sabon harsashi. Danƙon ya yi aiki. Ba kisa yake yi sosai ba, amma in ɗaya ya faɗi a tsakiyarsu sai duk garken ya tashi ya koma wata gona.

A irin wannan dawowar ta tsakar rana muka ji mota.

Na ga hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya. Ƙarar ta yi ta matsowa, ta tsaya wajen ƙofar maigari. Mahaifina ya ce kowa ya zauna inda yake, ya fita zaure. Kaka ba ta zauna ba. Ita ta ga zamanin aikin dole, lokacin da in masu kaki suka shigo gari ake tura samari cikin rumbu, a binne hatsi, a kora awaki daji. A wurinta duk abin da ke da amfani a gida, in hukuma ta zo, ɓoye shi ake yi, ba a tsayawa tambayar ko laifi ne. Ta tattara danƙunan da harsashin gaba ɗaya, ta tona tokar bayan murhu da ludayi, ta zuba, ta rufe, ta dawo ta zauna tana jan carbi. Tokar kuwa da sauran zafinta, don da safe aka gasa na ƙarshe.

Masu kakin da suka zo a motar ba su yi sallama ba. Wannan ne abin da ya fara ba ni tsoro, ganin maza baƙi da takalma a tsakar gidanmu, Inna tana neman mayafi ba ta samu ba. Babbansu dogo ne, ba ya ɗaga murya. Ya ce an ga mai gidan nan ya fito daga gidan Bawa da kaya a cikin riga, ina kayan? Mahaifina ya ce roba ce, ta danƙon yara, ya juya ya ce mini in ɗauko. Na duba inda muka ajiye, babu. Na tsaya. Ya sake cewa in ɗauko. Na dubi Kaka, Kaka ta dubi ƙasa.

Suka zazzage ɗakuna, suka soka sanda cikin rumbu, suka kife tulu. Ɗaya daga cikinsu ya ga bakin roba ya leƙo daga toka, ya ja. Da ya tona, sai ga baƙaƙen dunƙulen nan suna gangarowa, daidai girman abin da maharba ke ɗura wa bindigar gargajiya. Suka kwance igiyar akuyarmu suka ɗaure hannuwan mahaifina ta baya.

Kaka ta tashi tana cewa, "Ni ce, ɗana, ni na binne, shi bai sani ba." Ko kallonta ba su yi ba.

Muka bi su har gindin motar. Garin duka yana wurin, amma daga nesa, kowa a jikin darninsa. A bayan motar na ga keken Bawa a kife, ƙafarsa ɗaya na juyawa. Kusa da shi Bawa ne a ɗaure, ban gane shi ba sai ta rigarsa. Idonsa ɗaya ya rufe, leɓunansa sun tsage da ƙishi. Kowa ya san yadda abin yake a lokacin: wanda ya ba da sunan wani, a ba shi ruwa a sassauta masa igiya.

Mahaifina ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ce. Ƙasar suri. A fasa a gani."

Babban ya ajiye ɗaya a kan ƙarfen motar ya buga da gindin bindiga. Ta fashe, cikinta ja. Sai ya ce, a hankali, "To, ƙasa ce. Wa ke binne ƙasa don ya ji mota? Mutumin da ya ɓoye ƙasa, me kuma ya ɓoye da ban gani ba?" Ya juya ga Bawa, ya ɗaga gorar ruwa yadda zai gan ta. "Kai. Wannan naku ne?"

Bawa ya ɗaga kai da ƙyar. Ya dubi mahaifina, ya daɗe. Sannan ya tofar da yawu mai jini, ya kira sunan mahaifina gatsau, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba, wanda ni ma ba zan rubuta shi a nan ba.

Ya ce, "Wannan? Wa zai ba wannan amana? Matsoraci ne, ko kare ya yi haushi sai ya shige ɗakin uwarsa. Ya zo ƙofata yana roƙo kamar maroƙi, na ɗauko ruɓaɓɓiyar robar da zan jefar na ba shi don ya tafi ya bar ni. Ita ɗin ma bai biya ni ba. Ku tambaye shi in ya biya."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kunnuwana suka yi zafi, hawaye suka zubo mini, na tsoro da na haushi a haɗe.

Babban ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya ɗauki danƙo guda ya miƙo mini da harsashi. Ya ce, "Kai yaro, in naka ne, harbi kukar can." Fatar ta kuɓuce mini, na sake kamawa. Na san in na kasa, za su ce ba na yara ba ne. Na karanta abin da na iya a zuci, na ja kamar yadda mahaifina ya koya mini, har kunne. Robar da ta sha zafin toka ta tsinke. Ta dawo ta tsaga mini leɓe, na faɗi zaune a yashi, jini yana bin haɓata.

Wani daga cikin masu kakin ya fashe da dariya, sauran suka bi. Bawa ya ce da dishasshiyar murya, "Kun gani? Kayan yaƙinsa ke nan." Babban bai yi dariya ba, amma ya yi alama da hannu, aka kwance mahaifina. Suka jefa sauran danƙunan cikin mota. Gorar ruwan kuwa ya mayar da ita inda ya ɗauko. Motar ta tashi da Bawa, muna jin ta har ta haye jigawa.

Da majajjawa da ihu muka ƙarasa kakar, tsuntsu ya ci rabonsa ya bar mana namu. Kaka ba ta sake tsokanata da maganar nama ba. Ranar ɗaurin dami, mahaifina ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure dami na farko, ya ce, "Wannan na Bawa ne." Na ce, "Baba, wanda ya zage ka a gaban gari?" Bai yi mini tsawa ba. Ya ja igiyar ya ƙulle, sannan ya ce, "Da ya ce ni amininsa ne, yau wa zai ɗaure wannan damin? Ka ga ruwan da aka nuna masa. Ka ga an ba shi?" Ya ce, "To kada in sake jin sunansa a bakinka babu Baba a gabansa."

Matar Bawa ta kwashe 'ya'yanta ta koma wurin danginta a hayin iyaka, ba mu san garin ba. Damin ya zauna a ƙuryar rumbu. Kowace kaka mahaifina ya fitar da tsohon mu ci, ya sa sabo a madadinsa. Aka aurar da Habsu, Kaka ta rasu, na yi saukar karatu, gashin baki ya fito mini ya bar wurin tabon. Wasu suka ce Bawa ya mutu a kaso, gidan yarin da ke can arewa. Mahaifina ya ce bai ga wanda ya yi masa salla ba. Sannan shekarun fari suka zo, shanun Fulani suka faɗi a bakin rijiyoyi, muka ci ganyen da ba mu san ana ci ba. Na sha ganin Inna ta leƙa rumbu ta daɗe a tsaye, ta sauko ba ta taɓa damin ba. Ba ta taɓa roƙonsa ba, shi ma bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba.

A cikin wannan yunwar sojoji suka karɓi mulki, aka ce an buɗe kaso. Wata la'asar wani tsoho ya shigo gari da ƙafa, da sanda, ya zauna gindin kukar nan ta ƙofar maigari, don gidansa ya daɗe da rushewa. Haƙoransa na gaba babu. Mutane suka tsaya daga nesa kamar wancan karon, tsoron bai gama fita daga jikinsu ba. Mahaifina ya hau rumbu da kansa. Na ce ya bari in ɗauka, ya ce ba ni na karɓi robar ba. Ya aza damin a kai, da kafaɗar nan tasa mai ciwo, ya ratsa tsakiyar gari, ina biye da shi, ya sauke a gaban Bawa.

Bawa ya dubi damin, ya dubi ramammen wuyan mahaifina. Ya ce, "Yaya, a wannan shekarar?"

Mahaifina ya ce, "A gaban gari ka ce ban biya ba. Ga garin nan, su gani."

Bawa ya sa hannu a kan zangarniyar yana shafawa. Ya ce, "Maganganun da na faɗa ranar nan..."

"Na ji su duka. Babu wadda ta faɗi ƙasa."

Ya yafito ni, na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Baba Bawa." Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, ya daɗe yana duban tabon. Sannan ya ce, "Abu guda ya dame ni duk shekarun nan. Wallahi Yaya, roba mai kyau na ba ka."

Mahaifina ya ce, "Na sani. Tsohuwata ce ta gasa ta a toka, Allah ya jiƙanta."

Bawa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya jawo damin jikinsa, ya ɗaga murya yadda na jikin darni za su ji, ya ce, "Na karɓa. Ku shaida, mutumin nan ya biya."